Akwatunan Yaya Sanda

Ranar wata Laraba ce, cikin bazarar shekara ta huɗu da samun 'yancin kai, babbar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu a Tambuwal, abin da ba ta taɓa yi ba. Ina tsakar gida ina surfe, na yar da taɓarya na fita ko ɗankwali babu. Yayana Sanda ne a saman kaya, da ɗamammen wando da baƙin tabarau, yana yi wa 'yan dako tsawa su bi a hankali. Aka sauke baƙaƙen akwatuna huɗu, kowanne da yadi mai raga a fuska kamar rariya, aka sauke buhun wayoyi, da garmaho, da wani dogon akwati mai ƙugu wanda bai yarda kowa ya taɓa ba. Maƙwabta suka yi cirko-cirko. Wata tsohuwa ta tambayi Kaka ko lefe ne, Kaka ta ce in lefe ne, to amaryar aljana ce. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, shi yana da ashirin da biyu, kuma rabonmu da shi tun da ya tafi Kaduna neman aiki, shekara biyar.

A Kaduna ya sami aikin kai abinci a wani gidan rawa na Turawa, a nan ya koyi kaɗa jita, irin kiɗan samarinsu da ake kira rok. Da Turawa suka fara tattara nasu-ya-nasu suna barin ƙasa, sai ya riƙa bin gwanjonsu yana sayen amfilifaya, wato akwatin da ke ɗaukar siririyar muryar jita ya mai da ita tsawa. Abokansa na sayen keke da agogo, shi yana tara akwatuna. Kowanne da sunan da ya raɗa masa. Babban, wanda sai ƙarti biyu ke ɗagawa, shi ne Giwa. Akwai Tagwaye, biyu iri ɗaya masu hannun fata a ka, sai Auta, wanda ko ni ina iya rungumarsa. Ta baya a buɗe suke, kana hango ƙananan kwalabe a jere kamar ƙwan fitila. Abin dariya abin tausayi, duk cikinsu babu mai yin ko tari sai da wutar lantarki, mu kuwa a Tambuwal ta wancan zamani fitilar aci-balbal muke kunnawa.

Ba don kansa ya dawo ba, Baba ne ya aika a kira shi, don labari ya iso cewa ɗansa ya zama makaɗi. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Kiɗa a wurinmu gado ne, yana da gidajensa, mu kuwa manoma ne masu ɗan karatu, Baba har limanci yake yi a masallacin unguwa. Ina bayan danga na ji su. Baba ya ce, "Gidanga ba a taɓa roƙo da kiɗi ba." Yaya ya ce, "Baba, ba roƙo nika yi ba. Ba ka ji shi ba tukuna. Ka ji sau guda." Ya gaya masa cewa mai motar majigi, wadda ke zuwa nuna hotuna kowace kaka, saninsa ne tun Kaduna, kuma ya yi alkawarin ara masa wuta daga injinsa. Sai Baba ya ce, "To, sau guda. In na ji abin da mutum ka iya zama shi saurara, ka koma Kadunarka da albarkata. In ko hayaniya ta, ka aje shi har abada, ka kama hauya Kebbe wurin kawunka." Yaya ya ce ya yarda. Baba ba ya magana biyu, kuma Yaya shi ya biyo.

Aka ba akwatunan ɗakin da ke kusa da rumbu. Yaya ya ɗora su a kan duwatsu da katako saboda gara, ya rataye wayoyi a ƙusa kowace da mazauninta. Ni kuwa na zama jelarsa. Da an tashe mu daga elementare, ƙawayena su tsaya carafke a gindin dalbejiya, ni sai gida. In ɗebo ruwa tulu uku, in yi wanke-wanke a gurguje, in faɗa ɗakin nan. Yakan zauna a kan Auta ya kaɗa jita haka nan ba wuta, sautin siriri, sai ka matso kake ji, kamar sauro a cikin tulu. Yana kaɗawa yana lumshe ido yana girgiza kai, kai ka ce wani abu yake ji can wanda mu ba mu ji. Wata rana ya juya mini bayan Giwa ya nuna mini wani baƙin abu mai zurfi kamar ƙoƙo, da tattara a gefensa. Ya ce, "Kulu, nan muryar take. In wanga ya tsage, sauran duk itace na." Na taɓa da yatsa, na ji shi kamar busasshiyar fatar tandu. Bai ce mini takarda ce ba, ni kuma uwar iyayi ban tambaya ba.

Da ruwa ya sauka, Baba ya tura shi Kebbe ya taya Kawu noma kafin majigi ya zo, don ba a zama da ƙato a gida da damina. Ya ɗauki jitarsa, ya bar akwatuna, ya rataya mini mabuɗin ɗakin a wuya da zaren saƙa. Abu uku ya ce: in share ƙura, in duba gara, kada ɗigo ya taɓa su. Wallahi na riƙe amanar nan kamar raina. Ranar da aka yi ruwa mai iska, da zanen Inna na lulluɓe Giwa, na sha duka a kai ban damu ba. Muna kai abinci gona, muna korar tsuntsaye daga kan gero har muryarmu ta dushe, amma kullum sai na leƙa ɗakin na gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Akwai abin da Kaka take yi duk shekara in ruwa ya ɗauke. Takan fito da duk wani abin fata na gidan, buzun sallah, da gafakar Baba, da tandu, da salka, da takalma, ta baje a tabarma, ta sa mu goge funfunar damina, sannan ta bi su da man shanu tana murzawa har su yi laushi. Tana yi tana cewa, "Fata in ba ta sha mai ba, tsagewa takai." A shekarar nan, ina murza gafaka sai na tuna ƙoƙunan Yaya. Na je na duba, ga farar funfuna ta hau su, ga su a bushe ƙamas. Na ce a raina, oh ni Kulu, saura kaɗan in bari muryar ta tsage. Na faki idon Kaka na yanki curin man shanu, sabo fil, wanda Bafillatanar da ke kawo mana nono ta kawo da safe. Na bi ƙoƙunan nan huɗu na shafe su tas, lungun da yatsa bai shiga ba na sa gashin kaza. Suka yi baƙi suna sheƙi. Na kulle ɗaki ina jin kaina, har ina tsara irin godiyar da Yaya zai yi mini.

Sai aikin kaka ya taso mu gaba. Kwana goma muna roron gyaɗa da tsinkar wake, mu fita da sassafe mu dawo a gajiye, ban leƙa ɗakin ba. Ga shi an fara jido dammunan gero ana zubawa a rumbu, kuma kowa ya san ɓera hatsi yake bi ya shigo gida. Ranar da na buɗe, ƙarnin mai ne ya fara dukan hancina, sannan na ji kacar-kacar ta bayan Giwa. Na zagaya. Ƙoƙon nan babu rabinsa, sauran ya zama yaga-yaga, ga kashin ɓera ko'ina. Tagwaye haka. Na Auta kuwa ƙarfen tsakiya kawai suka bari. Na ɗauki wani guntu na murza, ya narke a hannuna, a lokacin na san takarda ce. Na zauna daɓas a ƙasa, kuka ma ya ƙi zuwa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan na yi. Na share wurin, na kulle, ban gaya wa kowa ba. Kwana takwas mabuɗin nan yana ƙona mini ƙirji, na daina cin tuwon kirki, har Inna ta jiƙa mini sabara tana zaton shawara ce.

Ana gobe majigi zai zo Yaya ya iso a kan jakin Kawu, ya yi baƙi ya rame, yana ta dariya, da goran zumar Kebbe da ya kawo mini. Na miƙa masa mabuɗi. Ya shiga, ina tsaye a bakin ƙofa. Ya daɗe a durƙushe bayan Giwa. Na ga ya shafa gefen ƙoƙon da yatsa, ya kai hanci, ya sake shafawa ya sake shinshinawa. Sannan ya waiwayo ya dube ni. Ban san tsawon kallon nan ba, amma har yau ban fita daga cikinsa ba. Na buɗe baki, ya riga ni. "Ɓera na," ya ce. "Ba a iya ma ɓera. Kawo min littafinki na makaranta." Ya yage fararen takardu daga tsakiya, ya jiƙa ƙaro, ya wuni yana liƙe ƙoƙon Giwa ɓalli-ɓalli, ni ina riƙe masa kasko. Da Baba ya leƙo ya tambaya, abin da ya gaya masa ke nan, ɓera.

Washegari bayan la'asar, tun kafin a kafa farin yadin hotuna, mai majigi ya tayar da injinsa a filin makarantarmu. Yaya ya roƙe shi aron lasifikarsa, ya ce wuta ya yi alkawari, lasifika kayan gwamnati ce. Gari ya taru. Hedimasta ya kawo wa Baba kujera. Yaya ya haɗa wayoyi, kwalaben nan suka yi ja a hankali kamar garwashi, Giwa ya fara wani gurnani ƙasa-ƙasa wanda na ji a tafin ƙafata. Ya rataya jita, ya taɓa tsirkiya guda. Sauti ya tashi, dogo, garau, ya ƙetare filin ya bugi bangon aji ya dawo. Tsuntsaye suka watse daga dalbejiya. Na ga Baba ya ɗago kai, ya daina jan carbi. Ashe abin da Yaya yake ji ke nan in ya lumshe ido. Ya ƙara biyu, ya ƙara uku, sannan ya haɗa tsirkiyoyin duka ya buga da ƙarfi, sai liƙin ya ɓalle. Abin da ya biyo baya kukan jaki ya fi shi daɗi. Yara suka fashe da dariya, wasu har da birgima. Yaya bai tsaya ba, ya ci gaba da kaɗawa gumi na zuba, ko Allah zai sa ta gyaru. Baba ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya nufi masallaci.

Da na bi Baba a guje na ce masa ni ce, wataƙila da ya ƙara masa wata kakar. Na sha juya wannan a raina. Amma tsoro ya riƙe ni, Yaya kuma bai nemi alfarma ba, ya ce magana an riga an yi ta. Bayan kwana uku ya koma Kebbe, ya bar mini mabuɗi. Sau biyu na je can tare da Kaka. Na tarar da jitar a rataye a zauren Kawu, ba tsirkiya ko ɗaya, an kwance an ɗaure shingen awaki da su. Ya rage dariya, amma bai taɓa sauya mini fuska ba, har zuma yake ajiye mini. Zuwan farko na ce sai na biyu zan faɗa masa. Na biyu muka zauna a gindin ƙirya yana gyaran ƙotar hauya, maganar ta zo mini har leɓe, aka kira shi awon hatsi. Na ce sai na uku. A daminar da ta biyo, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi, hanya ta yanke da ruwa, sai da aka yi kwana biyar da binne shi labari ya iso mana.

Yanzu akwai wuta a Tambuwal, in an kawo. Jikokina kowa da waya a aljihu, abin da bai kai tafin hannu ba yana ƙarar da ta cika gida, ba wanda ya jira kaka, ba wanda ya roƙi mai majigi. Tagwaye da Auta gara ta cinye su tuntuni, Giwa ne ya rage, yana ɗakina da kwanukana a kansa. Wani jikana mai gyaran rediyo ya taɓa cewa zai sa masa sabon ƙoƙo, aikin rabin yini ne. Na ce ya bari, wa zai kaɗa? Ni dai sautin nan na farko bai bar kunnena ba. Ina tankaɗe ko ina alwala sai in ji ya taso, dogo, garau, in tsaya cak ina jiran na biyu. Mutanen gida sun san ba a sa mini man shanu a tuwo, suna cewa tsufa ne da tsirfa, na bar su a haka. Shi ya shinshina yatsansa ya rufa mini asiri, ni kuwa kalma uku ta gagare ni. Yaya, ni ce.