Ragon Da Ya Girma a Saman Bene

Gidan hayar da na tashi a cikinsa a Jega shi ne bene na farko a unguwarmu. Wani dillalin albasa ɗan Aliero ya gina shi tun kakana yana da haƙoran tauna rake. Kakata ta ce a wancan zamanin mutanen garin Katanga kan zo ran kasuwa don kawai su hau, su leƙo ƙasa, jiri ya ɗebe su, su koma gida suna ba da labari. Maginin kuwa bai taɓa ganin matakala ba, da baki aka kwatanta masa. Shi ya sa ta fito a tsuke kamar maƙogwaron tulu. Mai tumbi in zai hau, sai ya karkace ya riƙe numfashi.

A ƙasa akwai mahauci da direban motar albasa da iyalansu. A sama kuwa mu ne da Kaka da ragonta. Tun yana ɗan mitsitsi ta hau da shi a ƙunshe cikin zani saboda tsoron ɓarayi, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa har ya koma kamar maraƙi. Bai taɓa taka ƙasa ba. Yini yake a baranda yana kallon mutane kamar shi ke karɓar kuɗin haya.

Da aikin faɗaɗa titi ya iso kanmu, aka shafa wa bango jan fenti, kowa ya kwashe komatsansa. Ranar rusau katafila ta iso da hantsi, rago yana sama. Muka tura shi bakin matakala, ƙahoninsa suka tokare bango hagu da dama. Muka juya shi da baya, kitse ya ce bai yarda ba.

Mahauci ya leƙo daga ƙasa ya ce, "Inna, mi na wahala? Bari in hau da wuƙa, in sauko miki da shi cikin daro."

Kaka ta ce, "Wanga rago na layya ne, kuma Sallah da saura. Ka taɓa shi, kai ma cikin daron za a sauko da kai."

Direban katafila ya gaji da jira. Ya ɗaga ƙaton cebur ɗin injin har daidai baranda, ya ce a sa ragon ciki. Kaka ta dubi cebur, ta dubi rago, sannan ta dube ni.

"Maigidana, shiga ka riƙe shi."

"Haba Kaka, ni fa jikanki ne!"

"Jikoki rututu gare ni. Rago guda ne."

Haka muka tura rago cikin cebur, na shiga na rungume wuyansa. Injin ya yi ƙara, muka lula, unguwa kaf tana shewa. Ni ina salati, shi yana kuka, har yau ban san muryar wa ta fi tashi ba. Kafin mu dira ya jiƙe mini wando sharkaf, kuma duk mai cewa ba shi ba ne maƙiyina ne.

Kaka ta sauko da sauri, ta ratsa ta gabana, ta duƙa tana lalube ƙafafun ragon ɗaya bayan ɗaya. Da ta tabbatar ba karaya, ta juya wajen direban ta ce, "To ɗana, rushe abinka."