Gonar Lambros

Lambros mijin yayata Argiro ne. Manomi ne ɗan manomi, mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Abin da ya gada bai wuce gona ɗaya ba a gangaren da ke kallon teku, mai itatuwan zaitun sittin da uku da kakansa ya dasa, sai alfadari guda mai taurin kai.

A ƙauyenmu kowa ya san a kan tsohon birni muke zaune. Rabin katangunmu da duwatsunsa aka gina su. Akwai kuma abin da uba kan gaya wa ɗansa: in garmarka ta ci karo da wani abu, mayar da ƙasa ka ja bakinka, domin ranar da hukuma ta ji, gonar ta bar hannunka.

A shekarar da aka haifi 'yarsa Fotini, yana haƙa rami zai dasa inabi, sai diga ta daki abu mai tauri. Ya share ƙasa da hannu, sai ga ido yana kallonsa. Daɓe ne na ƙananan tsakuwoyi masu launi, hoton mace da zangarniyar alkama a gashinta, kifaye sun kewaye ta.

Ni ya fara kira. Na duba, na ce, "Mijin yaya, rufe ta. Shekara dubu biyu tana kwance, ba ta kai ƙarar kowa ba."

"Ka ga idonta kuwa, Zisis?"

"Na gani. Saura ka ga na Argiro in ta ji."

Kwana uku ya lulluɓe wurin da buhu. A na huɗu ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya shiga motar birni, ya kai rahoto.

Da rani masu haƙar tarihi suka zo, shugabarsu wata malamar jami'a, Kira Evdokiya, gajeriya mai shan taba kamar murhu. Ta riƙe hannun Lambros da hannu biyu, ta ce ƙasa ba za ta manta da shi ba. Sannan aka kafa turaku, aka ja waya, aka fara tumɓuke zaitun. Argiro ta tsaya a bakin waya da jaririya a kafaɗa har aka kayar da na ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce masa kawai shi ne, "Ka ba da masu 'ya'ya ka karɓi dutse."

Aka ba shi gadin wurin, da hula da mabuɗi. Rani goma sha ɗaya ana haƙa. Titi ya fito da magudanarsa, gidajen wanka suka fito, da kujerun dutse na dandalin wasa. Lambros da bai gama firamare ba ya kai matsayin da in ya ɗauki guntun tulu zai gaya maka zamaninsa, kuma ba ya kuskure. A shagon gahawa ana tsokanarsa da "Farfesa". Shi dai murmushi.

Mu ma muka kamu da zazzaɓin. Aka ce baƙi za su riƙa zuwa mota-mota. Ni kaina na yi wa gidan mahaifinmu fenti, na sa gadaje shida. Amma da aka zo yin sabuwar hanya sai ta bi ta bayan dutse. Kira Evdokiya ta yi ritaya, wanda ya gaje ta yana da nasa kufan a wani tsibiri, haƙa ta tsaya. Baƙin da kan zo a shekara ba su kai cikin mota ɗaya ba.

Shekara ashirin Lambros yana buɗe ƙofa da safe yana rufewa da yamma. Kwanon rumfar da aka yi wa hoton ya yi tsatsa, ya fara yoyo. Duk ruwan da aka yi sai tsakuwoyi sun ɓamɓaro. Yakan durƙusa ya tsince su ɗaya-ɗaya, ya zuba a gwangwanin cuku, kowane launi da nasa. Ya rubuta wa hukuma takardun neman gyara, Fotini na gyara masa rubutun, har ta girma ta ga babu abin da zai riƙe ta a nan, ta tafi aikin asibiti a Jamus.

Amsa ta zo wata biyar bayan rasuwar Argiro. Wani injiniya ya iso da motar yashi biyu. Ya ce babu halin gyara, hanya ɗaya ta tsare hoton ita ce a binne shi.

"Har yaushe?" in ji Lambros.

"Har a samu hali, Barba," in ji injiniyan, kamar yadda ake kiran dattijo a wurinmu.

"Ni zan gani?"

Injiniyan ya dubi takalminsa.

Leburori suka kama shebur, Lambros ya ce su dakata. Shi ya shimfiɗa ƙyalle a jikin matar da ke hoton, ya jera gwangwanayensa a gefenta, ya tura baro na farko. Da ya zo kan fuskar, da tafin hannu ya riƙa zuba yashin. Ina tsaye, na rasa wasan da zan yi masa.

Da muka fito ya ce, "Da na ji maganarka, da tana nan lafiya lau, zaitun ma suna nan. Ni na fito da ita ruwa ya cinye ta."

Na ce, "Ai mutane sun gan ta."

"Su nawa?"

Bayan ritayarsa ba a ɗauki wani mai gadi ba. Aka ɗaure ƙofar da sarƙa, ƙaya da ciyawa suka rufe titin. Shi kuma idonsa ya fara mutuwa, sau biyu ya faɗi a matakalar gidansa. Fotini ta zo ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai ba. Bai yi gardama ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ni na kai su tasha. Ya roƙe ni in bi ta hanyar ƙasa, wadda ba ta bi ta gefen gonar, ko da ta fi nisa.

Yanzu yana zaune a hawa na huɗu na wani bene a wani gari da ban iya faɗin sunansa ba. Fotini ta ce ba ya fita, wuni yake kusa da na'urar ɗumama ɗaki da hularsa a kai. Nakan kira shi ranar Lahadi bayan coci. Ba ya tambayar gona, ba ya tambayar ruwa. Tambayarsa ɗaya ce, wa ya rasu. In lissafa masa, ya ce Allah ya gafarta musu, ya miƙa wa 'yarsa wayar.