Bututun Dakta a Zauren Baba Ɗan'azumi

Har in ajiye aikin nan ba na jin zan manta da Talatar da Oga Emeka ya leƙa cikin bututun Dakta Falmata, ya ɗago kai ya tambaye ni ko ina da wata sana'ar da zan koma. Ku da kuka shigo aikin malamin gona a bayanmu kuna ji ana kirana Habibu mai bututu. To yau gara ku ji labarin daga bakina, don na lura masu ba da shi sun fara ƙara masa gishiri.

A lokacin ina mataki na takwas na albashi, ni ke kula da masu lambu na bakin rafin nan da ya bi ta bayan Sabon Gari, a yankin Fagge. Ƙananan manoma ne, kowa da ɗan filinsa da bai fi tsakar gida ba, suna noman salak da alayyahu da lansir da albasa. Babbar damuwarsu tiyon ban-ruwa. Rana ta gasa shi, ruwan rafin kuma baƙi ƙirin ne mai kumfa, kafin rani ya raba sai ka ga tiyo ya huhhuje, an ɗaɗɗaure shi da tsohuwar robar taya, yana fesa wa mai shi ruwa fiye da yadda yake ba salak.

Dakta Falmata injiniya ce a wata cibiyar bincike da muke aiki tare. Iyayenta mutanen Borno ne, amma a nan Fagge aka haife ta. Shekara uku ta yi tana haɗa wani bututu da roba da zaren rama, mara nauyi, wanda take fatan zai yi araha ga ƙaramin manomi. An gama matsa shi da injuna a ɗakin gwaji, saura a kai shi gona a ga yadda zai yi da rana da ruwa da hannun mutane. Iri huɗu ta yi, ta rubuta wa kowanne lamba. Na huɗun da gangan ta rage masa ƙarfi, don idan ya fashe da wuri ta san gwajin yana tafiya daidai, kuma ta sami abin da za ta auna sauran ukun da shi. Aikina shi ne in raba su, in riƙa zuwa duk wata in auna kaurinsu, in duba tsagewa da koɗewar launi, in cike fom in sa hannu. Umarninta gajere ne, ta ce so take a wahalar da su.

A ranar rabon ne na tafka kuskuren. Ni mutum ne mai son jawabi, ba na ɓoyewa. Na sa babbar riga, na tsaya gaban manoma wajen goma sha biyu, na ce wannan bututu babu irinsa a kasuwa, babu irinsa a duniya. Na ce baiwar Allah nan shekara uku ba ta san hutu ba a kansa, amana ce ta danƙa mini, ni kuma ga shi na danƙa musu. Sarkin lambu, Baba Ɗan'azumi, dattijo mai farin gemu da ba ya ɗaga murya, ya cire hularsa ya mayar, ya ce sun karɓa, Allah ya ba su ikon riƙewa. Na dai ƙara da cewa su yi ta aiki da shi, amma lokacin an riga an ɗaga hannuwa ana addu'a, ba na jin akwai wanda ya ji.

Kuskure na biyu kuma cikina ne ya jawo shi. Duk ranar da zan je awo, tun ana gobe nake buga wa Baba waya. A ofis cewa nake ladabi ne, ba a faɗo wa dattijo haka kawai. Gaskiyar magana ita ce, idan na buga waya ina tarar da kwaɗon salak da ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin mangwaro, da tumatir da albasa an yanka manya-manya. In na isa sai in ga bututu a shimfiɗe layi-layi, inji yana ruri, ruwa yana gudu. In auna, in rubuta, in ɗauki hoto, in wanke hannu.

Wata na biyu babu abin da ya canza. Na uku ma haka. Lamba huɗu da aka ce ba zai kai wata biyu ba yana nan yana ƙyalli, kai har ya fi ranar da na kawo shi kyau. Dakta ta fara zargin abin awon, ta sayo sabo. Sai ta fara zargina, ta ce za ta je da kanta. Da yake babbar baƙuwa ce, tun saura kwana biyu na buga waya. Ta je ta durƙusa cikin laka ta auna da hannunta, awo ya zo daidai da nawa, ta ba ni haƙuri, ni kuma na karɓi haƙurin da ƙasaita.

Daga nan baiwar Allah ta shiga wani hali. Ta zauna ta yi ta tunani har ta fito da bayani, wai akwai wani abu a cikin ƙazamin ruwan rafin da yake ƙara wa zaren rama tauri. Ta ɗebi ruwan a kwalabe ta jera a ofis, har masu shara suka yi ƙorafin wari. A wata na shida daraktanmu ya sa ranar da manya daga ma'aikata za su zo lambun su gani da idonsu. Dakta ta nuna mini rahoton, ga sunana a shafin godiya. Na je gida na gaya wa maiɗakina ta fara shiri, mataki na tara ya kusa.

Saura sati guda manya su zo, Dakta ta ce in kai mai gyara ya sa wa bututun sabbin mahaɗai don wajen ya yi tsaf. Shi ne Oga Emeka, mai aikin famfo da ke da shago a Sabon Gari, wanda tun farko shi ya yi mana mahaɗan. A nan aka haife shi, Hausa a bakinsa har ta fi tawa. Muka hau adaidaita da jakar kayan aikinsa. Sai da muka kusa na tuna wayata tana wajen gyara tun Lahadi, ban gaya wa kowa muna tafe ba. Abin da ya dame ni a lokacin kawai shi ne yau babu kwaɗo.

Muka gangara lambu, babu bututu ko ɗaya. Tsofaffin tiyo ne ko'ina, suna feshi sama da ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, an sace. Na hango Baba yana cirar ciyawa, na isa wajensa ko sallamar kirki ban yi ba. Shi kuwa babu alamar tashin hankali a tare da shi, kunya ce kawai ta mai gida da baƙo ya tarar ba a yi shara ba.

"Malam Habibu, ai ba ka buga waya ba," in ji shi.

Ya ja mu zuwa gidansa can saman gangare. Ashe a zauren ya riga ya kwashe buhunan taki ya kai su waje, ya kafa itatuwa a bango, ga bututun Dakta a jere a kai, kowanne an naɗe shi da ledar dila da tsofaffin atamfa da ya roƙo wajen wani surukinsa a Kantin Kwari. Yana kwancewa yana yi mana bayani da alfahari. Duk ranar da na zo sukan sauko da su da safe, su shimfiɗa, su sa ruwa don in ga suna lafiya. Ina hawa adaidaita sai su kwance, su wanke da sabulu, su shanya a inuwa, sannan a bi kowanne da basilin. Ya ce Inna, wato matarsa, ta daina hura wuta ta wannan ɓangaren don kada hayaƙi ya taɓa su, awaki ma an canza musu hanyar fita.

A nan ne Oga Emeka ya ɗauki lamba huɗu, ya kanne ido ɗaya ya leƙa ciki, ya zura yatsa ya fito da shi tas, ya shinshina, sannan ya yi mini waccan tambayar.

A hanyar komawa shaiɗan ya zauna kusa da ni. Na tambayi Emeka ko za a iya tsufar da bututu cikin sati guda, a ɗaura shi a bayan adaidaita a ja shi daga Fagge zuwa tashar jirgin ƙasa a dawo. Ya ce shi dai ya san masu mayar da tsohon kaya sabo, bai taɓa ganin mai neman a mayar masa da sabo tsoho ba sai yau. Ya ce zai iya, amma Dakta da ta iya zargin abin awonta ba za ta kasa gane jan titi ba. Na kuma tuna in na yi shiru, rahoton zai fita, a buga lamba huɗu da yawa a sayar wa irin su Baba, ya fashe musu a tsakiyar rani. Sa hannuna ne a fom shida. Wallahi tsoro ya kama ni, kunya kuma ta fi tsoron.

Na same ta a ofis tsakanin kwalaben ruwanta. Na faɗa mata komai, har da kwaɗon. Ta cire tabarau ta ajiye. Can ta tambaye ni awa nawa ruwa yake bi ta cikin bututun duk zuwana. Na ce kamar awa biyu. Ta ce wato a wata shida bututunta ya yi aikin yini guda. Sai ta fashe da dariya har da hawaye, ni dai ina tsaye ban san ko hawayen duk na dariya ne ba. Tausayinta ya kama ni sosai. A ranar ta je wajen darakta aka ɗage zuwan manya, washegari ni kuma aka miƙo mini takardar neman bahasi. Na amsa da shafi uku, aka ba ni gargaɗi a rubuce, mataki na tara ya ƙara shekara guda a hanya.

Aiki dai dole a sake shi daga farko. Muka koma ni da ita, aka tara manoma a ƙofar zauren. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta gode masa, sannan ta roƙe shi don Allah su taimaka su lalata mata bututun. Baba ya yi salati. Ya ce shi da furfurarsa ba zai sa hannu a wulaƙanta guminta ba, in ma gwada su take yi, to ta gwada ta gani. Ta yi bayani da Hausa, ta zana a ƙasa, ta kawo misalin takalmi da ba a sanin ƙarkonsa sai an taka. Suna ta gyaɗa kai suna cewa Allah ya saka, amma babu wanda ya motsa. Mun fi awa guda a haka. Har ta fara tattara jakarta, sai Baba ya ce shi abin da yake ba shi tausayi dukiyar da ta zuba.

"Baba, ai ba dukiyata ba ce," in ji ta. "Gwamnati ce ta ɗauki nauyin binciken. Bututun nan kayan gwamnati ne."

Baba ya juyo a hankali ya dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya ci amanar unguwa.

"Malam Habibu, kayan gwamnati ne ka bar mu wata shida muna shafa masa basilin?"

Kafin mu kai bakin titi na waiwaya, na ga wani ya riƙo lamba uku ta wutsiya yana jan sa a kan duwatsu zuwa rafi. Inna kuma ta aiko a karɓo mata atamfofin.

Sati uku bai cika ba lamba huɗu ya fashe. Ban taɓa ganin mutum ya yi murnar lalacewar kayansa kamar Dakta a ranar ba, hoton ɓarakar ta manna a bangon ofis. Lamba uku ya tsage bayan adaidaita mai lodin alayyahu ta bi ta kansa sau ba adadi. Lamba ɗaya rana ta busar da shi ya yi ƙaras-ƙaras. Lamba biyu kuwa an taka shi, an zauna a kansa an ci abinci, an ɗaure akuya a jikinsa, ya ƙi mutuwa. Shi aka ɗauka, kuma shi ne wanda kuke rabawa yanzu.

Abin da na koya, manomi ba fom ɗinka yake saurare ba. Yana son ya ji kayan nan na wane ne, daga nan ya san yadda zai riƙe su. Mutanen da muke cewa ba sa bin umarni sun yi wata shida suna wahala da tiyo mai yoyo don kada su ɓata wa wata baiwar Allah da ba su sani ba kayanta. Ku dinga auna maganarku a gabansu, ku kuma dinga zuwa wani lokacin ba tare da waya ba.

Na daɗe ina ba da labarin nan ina yi wa su Baba dariya a kan yadda kalma ɗaya ta juya su. Wata rana na gama ba da shi a nan harabar ofis, na fito zan tafi gida, sai idona ya faɗa kan babur ɗin da ma'aikata ta ba ni. Madubi ɗaya babu, fitilar baya an ɗaure ta da waya, na kasa tuna rabon da in canza masa baƙin mai. A gida kuwa nawa na kaina yana zaure, lulluɓe da tsohon zanin gado.