Akushin Mai Wankan Gawa

Har yau ba na jure ƙamshin kafur. Shekaranjiya jikata ta sayo shi a kasuwar Bab Makka don ta zuba a akwatin tufafi, tana kwance ƙullin na ce ta fitar min da shi waje. Ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ba tsufa ba ne, ƙamshin hannun kakata ne, kuma bari ka ji abin da jama'ar masallacinmu suka yi wa hannun nan.

A lokacin muna zaune can kudancin Jidda, bayan gari, inda babu komai sai ƙasa mai gishiri da awaki masu cin takardar siminti. Gidajenmu sandaƙa ne, wato ɗakunan katako da gwangwanin da aka fasa aka daddaka. Dukanmu Hausawa ne, 'ya'ya da jikokin waɗanda suka tako da ƙafa zuwa aikin hajji suka zauna. Masallacin ma sandaƙa ne, ɗan ƙarami, amma shi ne komai namu. A nan ake ɗaura aure, a nan ake raɗa suna, a nan ake sasanta masu faɗa. Kowa da aikinsa. Wani ya cika randunan alwala, wani ya kakkaɓe tabarmi, ladan ya hau tsohuwar ganga ya kira salla. Aikin Kaka shi ne wanke matan da suka mutu, kuma don Allah take yi. Da an aiko za ta ɗauki ƙullin ganyen magarya da kafur, ta yafa mayafi ta fita, ko tana tsakiyar cin abinci.

Muna da al'ada da azumi. Kowane gida ya kan aika kwano ɗaya masallaci kafin magariba, maza su haɗu su sha ruwa tare da baƙi da gwauraye. Kaka ba ta yarda kowa ya yi mata wannan girkin ba. Tuwon dawa take tuƙawa da miyar kuka, ta zuba a wani baƙin akushi da ta ɗauko a ka tun daga gida, ta ratsa Sudan da shi. Ni nake kaiwa ƙofar masallaci, ni nake ɗaukowa. Kwanukan mutane sukan dawo a suɗe, namu kuwa ya dawo yadda ya tafi, miyar ta daskare a kai. Babu wanda bai san akushin ba. Cewa suke hannun da ya taɓa gawa ba ya yi wa mai rai abinci. Babu littafin da ya faɗi haka, kuma liman ya fi kowa sani, amma shi ma hannunsa tsallake akushin yake yi ya faɗa kwanon sambusa.

Kaka ba ta neman yabo. Abu ɗaya take so, mai azumi ya sa loma ɗaya ta tuwonta a baki, ta samu ladan da kowace mace a unguwar ke samu. Kullum sai ta buɗe faifan ta leƙa, ta ce, "Wataƙila sun ƙoshi ne, ƙawata. Gobe ma rana ce."

Sai wata shekara, azumi ya faɗo cikin zafin nan na Jidda da riga ke manne wa mutum a baya, akushi ya dawo fayau. Wallahi ban taɓa ganin tsohuwa ta yi murna haka ba. Ta juya shi, ta shafa cikinsa da yatsa, ta yi ta hamdala. Washegari ta ƙara man shanu. Ranar da ta biyo ta aike ni na sayo ƙashi mai ɓargo. Har tambayata take yi wa na gani a bakin akushin, in ce mata ai ni a ƙofa nake tsayawa.

A bazan asirin ya tonu, wato famfon unguwa inda mata ke layin ruwa da hantsi. Matar ladan ta dubi Kaka a gaban kowa, tana gyara mayafi, ta ce, "Hajja, Allah ya saka da alheri. Akuyarmu har nono ta ƙara tun da ta samu tuwonki." Ashe liman ne ya ce bai dace a riƙa mayar wa tsohuwa da kwanonta a cike ba, kada ranta ya ɓaci, shi ne ladan ke zagayawa bayan masallaci yana juye wa akuyarsa. Matan suka rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunsu na rawa. A cikinsu babu wadda Kaka ba ta wanke mata uwa ko 'ya ba.

Kaka ta jira layinta, ta cika garwarta, muka koma gida. Ta wanke akushin ta kife shi a kan akwati, kuma ba ta sake aikawa ba. Ka san abin da suka ce? Wai tsohuwar nan ta yi rowa, ta daina fitar da na masallaci.

Kafin babbar salla uwar ladan ta rasu. Ga shi nan a ƙofarmu, ido jajur, yana cewa, "Hajja, sai ke." Na tare ƙofa, na ce ya je ya kira akuyarsa ta wanke ta. Kaka ta murɗe min baki har sai da na ji gishirin jini. Ta ce, "Gawar ce ta yi min dariya?" Ta ɗauki ƙullinta ta bi shi.

Ita ma ba ta ga wani azumin ba. Ranar da ta cika, mata suka cika tsakar gidanmu suna salati, amma da aka ce a shigo a yi wanka sai kowace ta samu uzuri. Wannan tana da ciki, waccan ba ta iya ba, matar ladan kuma wai jiri take ji. Zafin Jidda ba ya jiran gawa. Ni da innata muka shiga, ina yarinyar da ko lalle ba a sa mata ba, muka yi yadda muka sha jin tana faɗa, da ragowar magaryarta da kafur ɗinta.

Ranar sadakar uku kwanuka suka yi mana kaɗan, sai Inna ta sauko da akushin ta zuba tuwo a ciki, aka kai masallaci. Tukunyar ita ce, kukar ma daga tulun Kaka aka ɗebo. Ya dawo a suɗe tas, da sawun yatsu a gefensa. Har ladan ya aiko a ce miyar ta yi daɗi. Na tsane su a ranar, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ya wuce ba.

Yanzu wurin duk benaye ne. Masallacin ya zama na marmara da na'urar sanyi, gawa kuma mota ke ɗauka a kai inda ma'aikata ke wankewa da safar hannu. Abincin shan ruwa a kwali yake zuwa, babu mai tambayar hannun wa ya dafa. 'Ya'yana ma kwalayen suke aikawa, ban hana su ba. Akushin yana wurina. Duk azumi a ciki nake cin tuwona ni kaɗai, kuma ko na ƙoshi ba na rage loma.