Jarumin da Ya Ƙone a Murhu

Kawu Orval Tackett bai taɓa harbin mutum ba. Ni Wilma a maƙwabtansa na tashi nan jihar Wyoming ta Amurka, kuma maciji kaɗai na san bindigarsa ta kashe, shi ma sai a harbi na biyu. Amma wani mai zane daga birni ya zo hutu, ya ga dogon hancin nan nasa da malafa, ya kwashe fuskar ya mai da ita jarumin mujallar yara: kaboyi mai bindiga biyu, wai kafin ka ƙifta ido ya zubar da 'yan fashi. Duk wata sai an aiko masa da mujallar.

A kantin gari sai a sa shi gaba: "Jarumi, yau mutum nawa ka kashe?"

"Ku dai bari," in ji shi. "Ƙuda biyu, ɗayan ma ya tsere."

Aikinsa na gaskiya shi ne bin shingen shanu a kan doki yana gyara. Can kan tudu akwai ɗakin katako na makiyaya da ba a kullewa. A al'adarmu, duk wanda ya kwana ciki sai ya shirya wa mai zuwa murhu kafin ya fita. Samari sun yi watsi da abin, amma Orval ko ba shi ya kwana ba sai ya ratse ya duba.

Ranar da jaririna Dale ya kamu da tari mai sarƙe numfashi, mijina ya kai shanu tasha. Na cusa yaron cikin rigar sanyina, na hau doki zuwa wurin likita. Da rana tsaka dusar ƙanƙara ta rufe mu, ko kunnen dokin ba na gani. Dokin ne ya kai mu ɗakin nan. Yatsuna sun sandare, ko tsinke ba zan iya karyawa ba. Yaron kuwa ya daina kuka, hankalina ya tashi.

Sai ga murhu a shirye tsaf: busassun ƙirare, takardu a cukuikuye ƙarƙashi, an zaro tsinkayen ashana an jera a fili. Da haƙori na riƙe ɗaya na ƙyasta. Wuta ta kama, sai na ga fuskar Orval da bindigoginsa biyu a jikin takardun suna ci bal-bal. Ɗaki ya ɗumama, can Dale ya tsanyara kuka, ni ma na taya shi.

Da muka dawo daga wurin likita na je godiya. Na ce, "Kawu, mujallunka kake cusawa a murhu?"

"Yo 'yar nan, me zan yi da su? Takardar banza ce, shi ya sa take saurin kamawa."

Allah ya saka wa tsohon nan da alheri, har in mutu ina gode masa. Ya daɗe da rasuwa. Yanzu Dale ne ke bin shingen, kuma duk sanda ya wuce tudun sai ya ratse ya shirya murhu.