Yadda Malam Badaru Ya Kayar da Kansa a Gardama

A Bauranya in ka ce Malam Badaru sai ka ƙara da "mai gardama" kafin a gane wanda kake nufi, don akwai wani Badarun mai facin taya. Shi wannan malamin firamare ne, ɗan marigayi Haladu, dogo, siriri, mai sauri kamar wanda aka aika ɗebo wuta. Mahaifiyarsa Inno takan ce cikin 'ya'yanta shi kaɗai ya yi magana kafin ya yi tafiya, kuma kalmar da ya fara iyawa ita ce "a'a".

Ya yi sakandare a Kankiya. Yana gamawa mahaifinsu ya rasu, maganar ci gaba da karatu ta bi ruwa, ya dawo gida ya kama noma tare da yayansa Ɗalha. Daga baya da aka rasa malamai a firamaren garin aka ɗauke shi. Ya auri Rauda, Allah ya ba su 'ya'ya, rayuwa ta miƙe. Da safe aji, da yamma gona, ran kasuwar Kusada kuwa yana teburin mai shayi yana sana'arsa ta asali. Ba abin da ba ya gardama a kai: ƙwallo, takin zamani, labaran rediyo, har da ko tsohuwar hanya ta fi sabuwa kusa. Dabararsa ɗaya ce. Ya ɗaga murya, ya katse mutum tun bai kai aya ba, ya ce, "Wannan ai kowa ya sani!" In abokin magana ya gaji ya yi shiru, sai Badaru ya gyara hula ya dubi jama'a, shi a ganinsa ya yi nasara.

Gardama guda ce ta gagare shi, kuma cikin gida take. A tsakiyar gonar gadon da suke nomawa tare da Ɗalha akwai manyan itatuwan gawo uku da wata tsohuwar ɗorawa. Badaru na so a sare su tarakta ta samu hanya, a huta da garmar shanu. Duk bazara sai ya tayar da maganar, ya yi ta zuba kamar ruwan Agusta. Ɗalha mutum ne mai nauyin baki. Sai ya bari ƙanen ya gama kumfarsa, ya ce, "A bar su," ya saɓi fartanya ya wuce. Mutumin da bai ja da kai ba, ta ina za ka kayar da shi? Abin ya daɗe yana cin Badaru a rai.

Ya haura arba'in aka ce duk malamin da ba shi da takardar NCE ya nemo. Wata kwalejin ilimi ta buɗe ajin Asabar da Lahadi a wata makaranta a Kankiya, sai ya sa suna. Yakan hau babur ɗinsa da sassafe, littattafai a ɗaure a baya, ya zauna a benci cikin yaran da wasunsu shi ya koya masu baƙi da wasali. Bai damu ba. Da ya ji cewa cikin darussan akwai na karanta hujja da rubuta ta, har dariya ya yi. Ya ce wa Rauda, "Wannan kam an zo gidana. Ƙila ma ni zan riƙa taimaka wa malamin."

Malamin mace ce, Malama Sumayya, kuma a haife Badaru ya girme ta nesa. Ba ta ɗaga murya. Aikin farko da ta ba su shi ne kowa ya rubuta insha'i ya shawo kan iyaye su daina ɗora wa yara talla lokacin makaranta. Badaru ya cika shafuka, har alƙalami na huda takarda. Da aka dawo masa da aikin sai ya ga maki ɗan mitsitsi, ga jan biro ya zagaye wurare da yawa. Ya bi ta har bakin ofis.

"Malama, ina jin an yi kuskure. Akwai ƙarya cikin abin da na rubuta?"

"Babu ƙarya, Malam Badaru. Ni ma ra'ayina ke nan."

"To, mi ya kawo wannan?"

Ta karɓi takardar ta nuna masa inda ta zagaye. "Nan ka ce kowa ya sani. Nan ma ka ce kowa ya sani. Nan kuma ka ce duk mai hankali ya yarda. Ka ɗauka ni ce uwar da ke ɗora wa ɗiyarta tallan ƙosai don a samu na cefane. Ban sani ba, kuma ka ce ba ni da hankali. Kana ganin zan karanta har ƙarshe?"

Ya buɗe baki zai katse ta, sai ya ga ai ta riga ta gama. Ta miƙa masa takardar tana murmushi. "Takarda ba ta da murya, Malam. Abin da ka aza mata shi kaɗai za ta kai."

Ranar bai tsaya wurin mai shayi ba. Amma Badaru ba rago ba ne, kuma abin ya ba shi sha'awa fiye da yadda ya ba shi haushi. Malama Sumayya takan kawo masu sharhin jarida ta ce su feɗe shi: me marubucin ke so a yarda da shi, da me ya kafa hujja, me kuma ya tsallake don ya san ba shi da amsarsa. Badaru ya kamu da wannan kamar mai sabon rediyo. In ana hira da wani a gidan rediyo sai ka ji shi yana magana shi kaɗai: "Ka kauce! Ba abin da aka tambaye ka ke nan ba." Har gida abin ya bi shi. Wata rana Rauda ta ce gishiri ya ƙare, ya ce, "Ina hujja?" Ta ce, "Tana cikin miya, Malam. In ka ɗanɗana ka ji ta."

Wajen tsakiyar zango Malama ta ce kowa ya rubuta a 'yar takarda wata magana da ya tabbata shi ke da gaskiya a kanta, wadda kuma akwai wani na kusa da shi da bai yarda ba. Badaru bai ko yi tunani ba, ya rubuta maganar itatuwan gona. Da ta tattara takardun sai ta ce, "Madalla. Yanzu kowa zai rubuta insha'i yana kare ra'ayin wancan mutumin. Ba da ba'a ba, da gaske. In kun gama ku karanta masa. Sai ya ce, e, abin da nake nufi ke nan, sannan aikinku ya karɓu."

Ajin ya kaure da surutu. Badaru ya ce, "Malama, wannan ai kamar a ce mutum ya yi wa kansa aski ne a ƙeya."

Ta ce, "To, ka nemi madubi."

Ya zauna a gida da takarda a gabansa, ya rubuta kan magana, daga nan alƙalami ya ƙi tafiya. Shekara da shekaru suna wannan ja-in-ja, amma da ya laluba bai samu dalilin Ɗalha ko ɗaya ba. Ya faɗa wa Rauda, yana cewa ai wannan ya nuna Yaya ba shi da dalili. Tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ka taɓa bari ya kai ƙarshen magana?"

Washegari bayan an tashi makaranta ya iske Ɗalha a gona yana baza taki, don rani ne. Ya gaishe shi, ya tsuguna, ya ce, "Yaya, tambaya na zo yi. Don mi ba ka so a sare itatuwan nan?"

Ɗalha ya dube shi a kaikaice. "Yau kuma ta nan ka ɓullo?"

"Wallahi ba gardama na zo yi ba. Ji nike so in yi."

Don ya tsare bakinsa sai ya ɓare goro ya jefa. Ɗalha ya daɗe yana jiran a katse shi. Da ya ga shiru sai ya fara, a hankali, kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi. Ya ce Baba ya tarar da su ya bar su. Ya ce dawar da ke gindin gawo ta fi ta ko'ina kai. Ya ce in an kawo fura da rana, a nan ake zama.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan hwa."

Wannan ba zai cika ko rabin shafi ba, kuma Badaru ya san Malama za ta tambayi dalilin da ya sa dawar gindin gawo ta fi. Dole ya fita nema. Ya je wurin Bubayero, makiyayin da ke sauka da shanunsa a gonarsu bayan girbi. Bubayero ya ce ai saboda 'ya'yan gawon nan yake zaɓen gonar, shanu na son su, a gindin suke wuni, a nan suke zubar da kashi. Ya tambayi Kubura matar Ɗalha, ta ce daddawar gidan nan kaf daga kalwar ɗorawar take fitowa. Ya samu malamin aikin gona a kwaleji, ya ara masa wani littafi da ya yi bayanin yadda gawo ke kaɗe ganyensa da damina, ya bar wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Badaru ya san gawo na haka tun yana yaro, kowa ya sani. Bai dai taɓa ɗaukarsa a matsayin hujja ba.

Abu mafi wuya shi ne wurin da Malama ta ce dole a kawo maganar abokin ja da ƙarfinta, sannan a amsa. Abokin ja a nan shi ne shi kansa. Ya rubuta maganar tarakta yadda ya saba faɗinta, ya zauna yana kallonta. Da ya cire ihun, abin da ya rage bai kai yadda yake zato ba. Tarakta ɗaya ce ake layi a kanta, sau da yawa sai shuka ta wuce take isowa. Ya rubuta hakan, yana jin kamar yana mintsinin kansa.

Ran Juma'a bayan la'asar ya karanta wa Ɗalha a zaure. Ɗalha ya saurara ido a lumshe. Da aka gama ya buɗe ido ya ce, "Ni na hwaɗi duk wannan?"

"Ba abin da kake nufi ke nan ba?"

"Shi ne. Ban dai san dalilaina sun kai haka yawa ba." Ya yi 'yar dariya, ya shafa gemu. Can ya ce, "To, Badaru, tunda yau ka zo ka tambaye ni kamar yayanka, bari in gaya maka. Bayana ya gaji da bin shanu. Na daɗe ina son taraktar nan. Abin da ba ni iyawa shi ne a ce ƙanena ya yi mani ihu gaban mutane na bi. In Allah ya kai mu bazara, a kira masu zarto a sare."

Badaru ya miƙe zumbur. "A sare? A sare mi? Yaya, ba ka ji abin da na karanta ba? Wallahi ba mai taɓa gawon nan!"

Daga cikin gida aka ji Kubura da Rauda sun fashe da dariya, ashe suna bayan ƙofa. Ɗalha ma ya riƙe ciki. Badaru ya tsaya da takarda a hannu yana dubansu, sannan abin ya iso masa, ya koma ya zauna yana dariya har da hawaye.

Sun yi maganar a zaune, kowa na kai aya. Aka rage rassan ɗorawa na ƙasa, aka tone wani tsohon kututture da ke gefen gabas, tarakta ta riƙa nome wannan ɓangaren a shekarar da ta zo da wuri. Wajen itatuwan kuwa Badaru ya karɓi garmar shanu daga hannun yayansa. Malama Sumayya ta ba shi maki mai kyau, amma ba ta fasa zagaye wuri guda ba, inda ya ce dawar gindin gawo ta ninka sauran. Ta rubuta a gefe: "Ka auna?" Bai auna ba. Da kaka ta yi ya ware dammunan wurin daban don ya gani, ya tarar ta fi, amma ba ta ninka ba. Ya je ya gaya mata da bakinsa.

Yanzu ya karɓi takardarsa, yana nan a firamaren Bauranya yana koyar da aji shida. Ran Alhamis yakan raba yara gida biyu su yi muhawara, kuma ba wanda ke amsawa sai ya fara maimaita abin da ɗan'uwansa ya ce har ɗan'uwan ya yarda. A teburin mai shayi na Kusada bai daina gardama ba, sunan ma bai bar shi ba. Sai dai yanzu yakan ce, "Tsaya in ji ko na fahimce ka," kuma akan kayar da shi jefi-jefi, ya ce, "Ka yi gaskiya," ya ci gaba da shan shayinsa. Wasu na cewa majalisar ta rage armashi. Mai shayin dai ya ce shi ya fi son haka, don an daina buga masa tebur ana zubar da madara.