Ranar da inji ya wanke wa Kawu gemu

Jiya na ga mota ta mutu cikin ruwa, sai marigayi kawuna makanike ya faɗo mini a rai.

A shekarun fari, ruwan farko ya tarar da mu a hanyar Garagumsa, muna ɗauke da irin gero. Motarmu ta mutu tsakiyar korama, direba ya kai hannu ga makulli.

"Kul, ɗana!" in ji Kawu. "Inji ya sha ruwa, za ka karya shi."

Ya kwance buji duka, wato fulogogin inji, ya ce a murza makulli. Ruwa ya yi tsartuwa, ya wanke masa gemu. Ya lashi leɓe yana dariya: "Alhamdulillahi, bana har ƙarfe ya ƙoshi!"

Ya mayar da buji, mota ta tashi, muka je muka yi shuka tun ƙasa na da danshinta.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu, kamar ruwan ranar nan.